Na kunna wa Turawa kaset ɗin Yayana

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don girman Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Riruwai. Shekarata biyu a Ingila ina karatun halayyar ɗan Adam, ɓangaren abin da ke sa mutum ya miƙe bayan musiba ta kayar da shi, da yadda hukuma za ta tsara kula da masu taɓin hankali. Mutanen gidanmu ba sa rubutun boko, sai dai kaset: su ɗauki magana, a ba mai zuwa Kano ya sa a gidan waya. Ni ma haka nake amsawa, a taru a zaure a kunna kowa ya ji.

Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baffanmu, shi ne limamin garinmu. Bara ya aiko mini da kaset na daban, ya rubuta a jikinsa da ajami, "Kai kaɗai." A ciki ya ce shekarar da annoba ta share shanunmu a Falgore, tun yana saurayi, kansa ya juye. Wata huɗu yana ɗaure a gidan wani malami a Kiru, a gari kuwa aka ce ya tafi karatu gabas. Ya ce, "Auta, tunda karatunka ke nan, ka sani a gidanku ma an yi. Amma ka riƙe, in ya fita wa zai ƙara bin sallata?"

To ku ji abin kunyar. Malamarmu ta ce kowa ya kawo misali daga ƙasarsu. Ni kuma uban son a sani, na ɗauki kaset ɗin nan na kunna a aji, ina tsayarwa ina fassarawa, har na faɗi cewa liman ne. Aka yi ta tafi, kaina ya kumbura. Na ce a raina, wa ya san shi a nan? Har ɗaukar zaman na yi a wani kaset don tarihi, wai ni gwani.

Da ƙaramar salla zan aika gaisuwa gida, ba ni da sabon kaset, na zari ɗaya a durowa na ɗauki magana a kai. Sai da aka kwana uku da aikawa na nemi na ajin nan na rasa. Innalillahi! Fuska ɗaya na shafe, ɗaya fuskar tana nan: muryar Yaya yana kuka, Turancina a kai, ga tafi.

Tun ranar ban yarda da kowa ba. Wa ya juya kaset ɗin? A zaure aka ji, ko shi kaɗai? Akwai ɗan kawunmu, malamin firamare a Tudun Wada, yana jin Turanci, kuma ya daɗe yana hangen limancin nan. Mutumin da bai taɓa rubuto mini ko layi ɗaya ba, sai ga wasiƙarsa: "Ashe Turancinka ya nuna haka? Allah ya ƙara basira." Yabo ne wannan ko gugar zana? Inna kuma ta ce a kaset mako biyu na'ibi ke jan salla, wai Yaya na mura. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi shiga gaba ba, shi ne mura za ta zaunar?

Jiya nasa kaset ɗin ya iso. Bai ce Auta ba, "Malam" ya kira ni. Ya yi maganar damina da lafiyar yara, ko minti biyar bai cika ba. A ƙarshe ya ce, "Ka gaishe mini da mutanen da kuke saurare tare."

In na roƙi gafara a kaset, a zaure za a kunna. In na rubuta, ajamina bai kai na wasiƙa ba, ta boko kuwa ɗan kawun nan ne mai karanta musu. Ga kaset sabo na saya, tun safe yake cikin rediyo, na kasa danna shi.

Jama'a, me zan yi?