Na'urarku Ta Ga Sawun Kwandala, Ba Ta Ga Ƙirji Ba

Daga: Warsinah, matar Pak Ngadiman mai awara,
Bayan Kasuwa, Klaten.

Zuwa ga: Shugaban Asibitin Iyali na Sekar Wangi.

12 ga Maris, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA MAIGIDANA GANIN LIKITARMU SABODA HOTON BAYANSA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun aurenmu Pak Ngadiman bai taɓa kai kansa asibiti ba. Kowane ciwo a wurinsa iska ce ta shige shi, magani kuwa in shafa masa man zafi, in kankare masa baya da kwandala har ya yi jawur, yadda kakanninmu ke yi a kowane gida a nan tsibirin Jawa.

2. Ranar 3 ga Maris, yana kan tukunyar waken suya, ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi. Na kankare shi don a zauna lafiya, sannan na duba shafinku a waya. Shafinku ne ya ce wannan na iya zama ciwon zuciya, a ga likita maza. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi yajin dafa masa shayi, da ƙyar ya amince.

3. Ashe yanzu ba a ganin Dokta Palupi, likitar gidanmu, sai an nemi layi ta waya an tura hoton wurin ciwo. Ranka ya daɗe, ta yaya ake ɗaukar hoton cikin ƙirji? Na ɗauke shi gaba da baya na tura. Na'urarku ta ga jajayen layuka, ta yanke hukuncin cutar fata, ta haɗa mu da likitan fata a watan gobe.

4. Ranar 6 ga wata na zo da ƙafata. Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta kalli hoton ta tuntsire da dariya, ta ja wuyan rigarta ta nuna mini nata sawun. Amma wai ba ta da ikon warware abin da na'ura ta ƙulla.

5. Yanzu mutumin naku duk wanda ya zo sayen awara sai ya nuna masa wayar, wai ilimin zamani ya wanke shi, ni ce mai neman fitina.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a ba shi damar ganin Dokta Palupi a makon nan, a kuma sanar da na'urar cewa a Jawa take aiki. Ba ta da kaka, ba laifinta ba ne.

Layukan dai tuni suka ɓace. Jiya sau biyu ya ajiye ludayi ya dafe ƙirji, yana zaton ban gani ba. Wallahi tsoro nake ji.

Taku mai biyayya,
Warsinah