Ranar da Na Ci Yasin a Dara

Sabon Gida, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗiyata Mardiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin ƙasar Turawa, yaya kuma haƙurinmu? Allah ya jiƙan innarki Cima, ya sa ta huta.

Idan kin ga rubutun nan kamar sawun kaji, kada ki zargi mushen nan, malamin da ya kore ni daga lakwal, makarantar boko, a aji huɗu. Turmi ne ya kayar da ni jiya, wuyan hannuna ya kumbura. Tsoho mai furfura ya hau turmi kamar ɗan akuya, me kike jira ya faru?

Ke kika sa ni hawan. Kin ce in ciro abubuwan hayaƙin nan uku da kika liƙa mana bara, in aiko miki ki kai a bincika dalilin da ya hana su kuka. Na tuna ranar da kika kawo su. Kika ce a can doka ce, kowane gida sai an sa, kuma dole a haɗa su, in ɗaya ya shaƙi hayaƙi duk su kama kuwwa tare. Na ce dokar Turawa ta shigo gidana ba biza. Ɗaya a ɗakina, ɗaya a na innarki, ɗaya a zaure.

To jiya ina murɗa na zaure sai yatsana ya danna maɓallin gwaji. Duk ukun suka ɗauka, har na ɗakinta da ya yi baƙi ƙirin. Jin wannan kuka daga ɗakin da babu kowa shi ya zubar da ni ƙasa.

Mardiya, lafiyarsu lau. Ƙarya na yi miki a waya da na ce ba su yi kuka ba. Shi ya sa na ɗauki biro, don bakina in ya buɗe sai ya nemi wasa.

Tun tafiyarki na mayar da su ƙararrawa. In ina son shayi sai in danna nawa, nata ya tsorata ta, ta fito tana kira na tsohon banza, ni kuwa ina dariya har da hawaye. Ita ma ta koya. In tuwo ya sauka sai ta miƙa muciya ta danna nata, na zaure ya kira ni. Duk unguwa sun san kiran Cima.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, da hantsi muna dara da Malam Yasin a ƙofar zaure. Ita tana ɗaki tana turara mini rigar masallaci a kan kasko. Maganin ciwon ƙafarta yana sa ta barci, kin sani. Rigar ta zame kan garwashi, wutar ta kama katifa.

Abin ya yi kuka a kan kaina. Na ji shi sarai. Na ce wa Yasin uwargida ta yi sammakon kira, bari ta jira, saura mini ci biyu. Da kukan ya ƙi tsayawa, na ce yau hannunta ya maƙale a muciya. Aka yi dariya. Hulda maƙwabciyarmu, mai aiki a asibitin mishan, ita ta hango hayaƙi ta kan katanga ta shigo a guje. Tsakanina da innarki taku ashirin ne. Na ƙirga su daga baya, kullum ina ƙirgawa.

Kwana biyu ta yi a asibiti, ƙirjinta ya sha hayaƙi. Hulda ta gaya mata inda nake zaune a lokacin. Na jira zagi, wallahi da na samu da na ji sauƙi. Sai ta jawo hannuna, da 'yar muryar da ta rage ta tambaye ni ko dai na ci Yasin ɗin.

Na ci shi, Mardiya.

'Yar'uwarki Husaina ta ce kin daina cin abinci, kina cewa kin sayo mana na arha, ke kika kashe ta. Kwana arba'in na bar ki ɗauke da kayana don ina tsoron idonki. Sauke shi. Abinki ya yi aikinsa, uban da Allah ya ba ki ne bai tashi ba.

Ba zan aiko su ba, na mayar da na zaure inda yake. Yasin ya rufa mini asiri, amma gobe bayan masallaci zan zaunar da yayanki Bashiru da Husaina in faɗa musu da bakina. Ke kuma in kin zo da rani zan maimaita miki a tsaye, ki kalle ni yadda kika ga dama. Ban ce ki yafe yanzu ba. Ita wadda ta kira ni sau ɗaya da gaske, amsarta tana wuyana har ranar da za mu gamu.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Ki ci abinci, don Allah.

Ni ne babanki,
Safiyanu