Kyamarar Bikin Dami Dubu

Ƙarfi, ta Malumfashi,
14 ga Nuwamba, 1988.

Zuwa ga ƙanena Luke,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da Laraba da yara kuna lafiya a Ikko. Allah ya ƙara muku lafiya, amin. Mu ma muna nan ƙalau, sai dai tari ya sa ni gaba tun damina. Matata Liatu ce ta matsa in faɗa maka, da ban faɗa ba.

Ka san ni, Luke. Ina aji uku a sakandare kuɗi ya yanke, ban je ƙofar kowa ba. Dako na yi a gidan gurzar auduga a Funtua har na sayi shanun huɗa. Na fanshi gonar Baba, na yi rufin kwano, na sa 'ya'ya biyar a makaranta, ko allura ban roƙi wani ba. To bana Allah ya cika mini: dawa dami dubu da sha ɗaya, ga su a jere a gona. Baba Isyaku, ƙanen mahaifinmu, ya ƙirga da sandarsa har sau biyu. Tun kakanmu Maitama ba a sake yin dubu a gidanmu ba. Fasto ya yarda a yi biki, in dai godiya ce ba yanka ga iskoki ba. An sa Asabar, goma ga Disamba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Salome, shekararta sha shida yanzu, ta koyi ɗaukar bidiyo a taron matasa, ni kuwa na miƙe a coci na ce 'yata ce za ta ɗauki bikin. Na sayar da bijimi, na tafi Kano ban shawarci kowa ba, na sayo kyamara ta hannu. A shagon ta yi aiki, har na ga fuskata a talabijin. Ashe a jone take da wutar bango, batirinta ya mutu tuni, kuma ba a samun irinsa. Muka kai ta gona, yarinya ta danna ta danna, sannan ta tambaye ni a hankali inda za a jona ta. Na koma Kano, shago a rufe. Arha dai ba ta ado.

Don Allah, Luke, ka shiga kasuwa ka zaɓo mana wata. Mara nauyi, wadda kafaɗar yarinya za ta ɗauka, mai batir biyu, mai cin babban kaset irin wanda ake kallo a Funtua. Kada ta wuce naira dubu uku, abin da ya rage ke nan. Ka sa a gwada ta a waje, cikin rana, nesa da bango. Malam Abdussamad, direban motar hatsi, zai kawo maka kuɗin, shi kuma zai dawo da ita.

Kada ka ce a ɗaga rana. Gara ta fara shiga damman da ke ƙasa, dole a kai su rumbu, in ko an kai, dubu ta zama labari. Tsofaffi suna cewa mai dubu ba ya daɗewa. Ni Kirista ne, ban yarda da wannan ba, amma ranar Lahadi na ga jini a hankici. Na tambayi yaran gidan nan wane ne Maitama, babu wanda ya sani. Mutumin da ya ciyar da gari! Ni ban yarda a yi mini haka ba.

Ka gaida Laraba da Mark da 'yar auta Nana. Inna da Liatu suna gaishe ku. Abu na ƙarshe: an ce akwai mai rubuta haruffa a jikin hoto. Ita nake so, ko da za a rage batir ɗaya. Kafin a ga dami ko guda, a fara ganin wannan: Sanda jikan Maitama, Ƙarfi, dami dubu da sha ɗaya.

Ni ne wanka,
Sanda