Gemun Ticha

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma wasu samari sun ce in yi musu kai kawai, kada in taɓa gemu. Yaran da jiya-jiya suke roƙona in zana musu layi a gefen kai. Duk daga wajen karatun nan na bayan tsohon gareji suke. Malaminsu ba ɗan unguwa ba ne. Wa ya kawo shi, wa yake ciyar da shi? Babu mai tambaya sai ni, ni ma a cikina.

Alhamis, 13 ga Maris

Ticha ya zo gyaran fuska, kamar kowace Alhamis tun kafin in yi aure. Malamin lissafi ne, amma bakinsa ya fi rezata kaifi. Da kumfa a fuska ya ce, "Mai aska, yaran garejin nan gemu ya riga hankali fito musu." Shago ya ɗauki dariya. Mai shayi da ya kawo mana kofuna bai yi ba, na gan shi ta madubi.

Asabar, 15 ga Maris

Maganar Ticha ta fito a lasifikar gareji, kalma da kalma. Ba su faɗi suna ba, sun dai ce akwai shagon da ake yi wa addini ba'a. Wa ya kai? Mai shayi nake zargi. Na daina barin sa ya tsaya, ya ajiye kofi ya fita.

Talata, 8 ga Afrilu

Dogo, ƙanin matata, ya zo aski. Da can ba ya zama sai ya tsokane ni kan tumbina, yau sallama kawai. Da na ɗaura masa ƙyalle na ga wuyansa ya goge ta gefe ɗaya, irin shatar igiyar abu mai nauyi. Ya ce jaka ce. Dogon da ko buhun gawayi ba ya ɗaukar wa yayarsa.

Na gaya wa matata. Ta ce, "Yaro ya kama addini, shi ne laifi?" Yanzu ko a gida ina auna magana.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Yaran gareji sun ƙone ofishin 'yan sanda. Akwai baƙar tuta a kan tankin ruwa. An rufe makaranta.

Laraba, 14 ga Mayu

Doka ta fito: duk mai askin da ya aske gemu, a yanke hannunsa. Dogo ya shigo da wasu biyu, ga jakar tasa a kafaɗa, ashe bindiga ce mai baƙin baki. Ba ni suka duba ba, kwandon shara suka juye, Dogo yana tona gashin da tsinke. Ya ce, "Na gemu ya fi na kai kauri da murɗewa, Yaya. A bakinka na ji." Haka ne, ni na taɓa faɗa a hira. Kullum za su riƙa zuwa. Sun kwashe reza daga duk kantunan unguwa, ni sun bar mini aska ɗaya don gyaran ƙeya.

Na ji tsoro sosai.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sun tafi da mai shayi, wai yana kunna waƙa a rediyo. To ashe ba shi ba ne. In ba shi ba, wa? Ranar da Ticha ya yi maganar nan na maimaita ta a gida muna cin abinci. Matata ta yi dariya. Washegari ta je gidansu, inda Dogo yake.

Ba zan tambaye ta ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ticha ya shigo ta ƙofar baya da rana tsaka. Da ƙyar na gane shi. Gemu ya rufe masa fuska, fari tas. Sun ɗauke abokan aikinsa biyu, ya ce saura shi. Ya samu motar kaya da za ta fita gobe, amma sojojin da ke gada suna sauke duk mai gemu, ba sa jin bayani. Nan in ba ka da shi ka mutu, can in kana da shi ka mutu. Almakashi ba zai yi ba, guntun gashin da ya rage ma yana tona mutum, ga hannunsa yana karkarwa tun ciwon bara.

Ya zauna a kujera da kansa. "Mai aska, fito mini da fuskata."

Na tsaya ina kallon farin gashin. Ko ƙwaya ɗaya ta faɗa shara, kowa ya san na wane ne. In na ƙona, wari. In na kai gida a aljihu, wa ke wanke rigunana? Sai kuma wani tunani ya zo mini: mutumin da ya zage su a fili, me ya sa har yau ba su taɓa shi ba? Ko su suka turo shi su gwada ni?

Na ce askar ta dakushe.

Ya daɗe yana kallona ta madubi. Bai tsokane ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce, "To, Allah ya bar zumunci." Ya gyara kujerar yadda ya same ta ya fita.

Lahadi, 8 ga Yuni

Direban motar ya dawo. An sauke masu gemu a gada, har da wani dattijo da ya yi ta cewa shi malamin makaranta ne. Direban bai tsaya ya ga ƙarshe ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ba kowa a shago. 'Yan'uwa sun zo duba shara, ba su samu komai ba, Dogo ya ce da kowane shago haka yake da an huta. Ya tsokane ni kan tumbina, har na yi dariya. Gaskiya unguwa ta yi tsit yanzu, babu sata. Ticha ma dai bakinsa ya yi yawa, na sha gaya masa.

Na rage gashin bakina yadda suke yi, bai yi muni ba. Da askar nan na yi. Tana ci sosai.