Sandunan Tanti a Lambun Wake

Baba,

Mun tafi. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka da maƙwabta sun ji mu.

Dogayen sandunan nan da ka kwashe a gareji na tantin 'yan sikawut ɗin su Merle ne, ajiya aka ba ni. Tun safe nake birkice gidan nan ina nemansu, har na balbale maigidana Torben da faɗa a banza. Sai Merle ta leƙa taga ta ce, "Mama, ba su ne waken Kaka ya nannaɗe ba?"

Haba Baba! Iyali goma sha ɗaya ke jiranmu a bakin coci, kwana biyu za mu yi a daji, ga hadari ya haɗu. A ƙarƙashin me za su kwana?

Na tumɓuke su duka. Waken na cikin bokiti a bakin ƙofa, ka sa a firji.

Na san wata uku ka yi kana ba shi ruwa, ka yi haƙuri. Amma sunan ƙungiyar na jikin kowace sanda da jan fenti. Kai ka rubuta mana shi bara.

Wiebke