Tagar Bayan Mashayar Baba

Yarrabindi, 9 ga Maris, 1997

Zuwa ga Yayana Garth,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Maureen da yara, da fatan sanyin Kanada bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba mu haƙurin rashin Baba. Mu nan da sauƙi. Maigidana Len ya koma wajen tumakinsa, 'yarmu Tracey ta haihu, namiji, an sa masa Vernon don tunawa da Baba.

Na san ya dame ka da ba ka samu zuwa jana'iza ba. An cika coci, daga nan kowa ya dawo mashaya. Tsofaffin masu askin tumaki suka jeru a gaban kantar giya suna ta maimaita labaran da muka tashi da su: wai Kaka Mick a bayan raƙumi ya ɗauko katakon kantar, wai ya taɓa kayar da bijimi da naushi ɗaya a ƙofar gida. Tsoho Bluey ya ce duk shekara bijimin ƙara girma yake, da Baba ya ƙara shekara biyu da ya zama giwa. Har ni sai da na yi dariya.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka tuna ƙaramar tagar nan ta baya, kusa da kicin, wadda Baba yake gaya wa baƙi an yi ta ne don mahaya su karɓi giya ba sai sun sauka daga doki ba? Ni da kai mun san ba haka ba ne. Ta nan ake miƙa wa baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasa abin sha, don ba a barinsu su shiga. Ka kuma tuna Cyril, ɗaya daga cikinsu, dogon dattijon da yake tsayuwa a bakin tagar duk Juma'a da yamma, shi da Baba suna hirar ruwan sama da farashin ulu, har bayan an buɗe wa kowa ƙofa.

Ranar jana'iza na hango shi a tagar, da hularsa a hannu. Na zagaya na roƙe shi ya shigo. Ya ce ya gode, amma nan ya saba. Sai ya gaya mini cewa mahaifiyarsa Daisy ta yi shekara goma sha ɗaya tana girki a kicin ɗinmu, kuma Kaka Mick ne ya haife shi. Ya ce Baba ya sani tun suna yara, tare suka koyi iyo a rafi, amma da suka girma sai tagar ta shiga tsakaninsu. Na tambaye shi me ya hana shi shiga duk shekarun nan. Ya ce, "'Yata, gidan ubana ne. Ba zan shiga kamar mai saye ba. Jira nake Vern ya ce mini shigo, sau ɗaya tak."

Yaya, a nan na tuna wani abu. Kwana biyu kafin Baba ya cika, a asibiti, ya riƙe hannuna ya ce in kira masa ɗan'uwansa. Sau uku ya faɗa. Na ɗauka magani ne ya ruɗa shi, na gyara masa filo na ce ai shi kaɗai aka haifa, ya kwanta ya huta. Ya juya fuskarsa bango. Gidan Cyril tafiyar minti goma ce daga asibitin.

Na gaya wa Cyril wannan, don ban ga hakkina in ɓoye masa ba. Ya ce to, ashe ya kira, hakan ma ya isa. Ya hana ni kuka, ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai har yau ban yafe wa kaina ba.

Masu son sayen mashayar sun sake zuwa, na ce su dakata sai na ji daga gare ka. Ra'ayina shi ne kada a sa hannu a takarda sai an zauna da Cyril, tunda jini ya fi ruwa kauri. Shekarunsa tamanin da ɗaya, kuma yana tari. Kada ka jinkirta amsa.

Ka gaishe da Anti Maureen, da yara, Shona da Dougal. Len da Tracey suna gaishe ka. Baffa Cyril ma ya ce in gaishe ka. Ya tambaye ni ko za ka yarda ya kira ka ɗansa, na ce masa zan tambaya.

Taka ƙanwa,
Noeline