Wane Ƙarfe Biyun?

Arusha, 4 ga Mayu

Zuwa ga yayata Namsifu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma aikin asibiti bai cinye ki ba. Ni lafiya lau, sai sanyin garin nan da ya sa nake yawo da safa kamar tsohuwa.

Kin ce in daina ce miki "aikin kwamfuta nake yi," in faɗa miki abin da nake yi da gaske. To, buɗe kunne. Kamfaninmu yana yi wa ƙungiyar mata masu shanu aiki. Idan madara ta taru a ƙauye, shugabar matan takan latsa waya, sai mota mai firji ta je ta kwaso. A tsakani akwai manhajoji biyu. Ɗaya tana sauraron wayoyin, wani abokin aikina mai suna Kimaro ne ya rubuta ta. Ɗayar tana tura mota. Su biyun ba sa ganin juna, wasiƙa suke yi, kuma ni ce mai ɗinka musu ambulan.

Ni na tsara yadda kowane saƙo zai kasance: daga wa, zuwa ga wa, lambarsa, lita nawa, ƙarfe nawa. Manhajar Kimaro ta cike shi ta sa a layi, ɗayar ta ɗauka ta ce "na karɓa," sannan a share shi. Wanda ya wuce awa biyu kuwa, madararsa ta riga ta tsinke, sai a jefa shi wani wuri da na sa wa suna kwandon matattu. Yaya, ranar da saƙona na farko ya tafi, amsa ta dawo, ihun da na yi sai da mai shayin da ke ƙasan benenmu ya hawo ya duba. Ina son aikin nan, so na gaske.

Gwajina na wata uku zai ƙare ƙarshen watan nan, daga nan shugabarmu Mama Shirima za ta ce in zauna ko in tattara. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nanzia

Arusha, 17 ga Mayu

Yaya Namsifu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga taki, na kuma gode da addu'a. Ki ƙara, don abin ya ɗan kwaɓe.

Ƙauyuka tara muke yi wa aiki. Shida lafiya lau. Uku kuwa, kwana huɗu ke nan duk saƙon da suka turo kwandon matattu yake faɗawa, mota ba ta zuwa. Jiya shugabar matan ɗaya daga cikinsu, Mama Ndeshi, ta zo har ofis da garwar madara tsinkakkiya a hannu, ta dire a kan teburina. Ta ce, "'Yar nan, ke ce mai na'urar? Sha ki ji abin da ta dafa mana." Kowa ya yi dariya, har ni, amma da na koma banɗaki sai da na yi hawaye. Matar tun asuba take tatsa.

Na buɗe matattun saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai, sai lokaci: wannan 1:05, wancan 1:20. Na ce agogon wayoyin ne ya rikice, Kimaro ya hau babur ya je ya duba, ya dawo ya ce ƙalau suke. Ya ce layina ne yake riƙe saƙo har ya tsufa, na ce manhajarsa ce mai ƙarya. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Mama Shirima ba ta yi faɗa ba, kuma gara a ce ta yi. Ta ce zuwa Litinin in ba a gyara ba za a koma kiran direba da baki, kuma kin san in an koma hakan ba a bukatar mai ɗinka ambulan. Ga Baba ya turo cewa zai zo ranar Asabar a duba masa ido. Ki ga saƙonsa gaba ɗaya: "Asabar, 2." Ko sannu babu.

Taki har kullum,
Nanzia

Arusha, 23 ga Mayu

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki kira Baba ki ƙara masa gishiri, ya riga ya ba duk dangi labari.

Ranar Asabar na je ofis tun safe, na duƙufa, wayata na cikin jaka. Biyu saura kwata na rana na isa tasha, ina yaba wa kaina da cika alkawari. Na tarar da Baba a kan benci, buhun wake a gefe, ya cire takalmi, yana yi wa wani mai sayar da gasasshiyar masara bayanin cutar ayaba. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Baturiya. Wannan ce ɗiyar tawa da nake gaya maka, mai ilimi. Awa shida kacal ta makara."

Na ce, "Baba, ai biyu ka ce!"

Ya ce, "Biyu na ce. Motar farko na hau daga Mwanga. Ke a gidanku rana da ƙarfe nawa take fitowa?"

Yaya, kunya kamar in nutse. Ƙarfe biyu irin namu yake nufi, wanda muke ƙirgawa daga fitowar rana, wato takwas na safe a agogon ofis. Wata uku ina kallon agogon na'ura har na manta da wanda aka raine ni da shi. Na durƙusa zan ɗauki buhun ina ba shi haƙuri, sai kalmar ta tsaya mini a kai. Awa shida. Saƙon da aka rubuta wa 1:05, bakwai da minti biyar ne na safe, daidai lokacin da mata ke gama tatsa! Na saki buhun a kan ƙafar Baba, na rungume mai masara, mutumin da ban taɓa gani ba.

Daga tashar na kira Kimaro. Ya ce, "Wayyo ni." Ashe matan ƙauyukan nan uku ne suka roƙe shi ya sa musu lokaci irin namu a waya, ya sa, kuma shi manhajarsa take cikewa a saƙo. Ɗayar manhajar ta duba ta ga saƙo ya shekara, ta jefar. Ranar Lahadi bayan coci muka zauna muka gyara. Yanzu ambulan ɗin agogo ɗaya ya sani, an kuma rubuta a jikinsa ko wanne ne, matan kuma suna ganin nasu a waya yadda suke so. Na ƙara da cewa duk abin da ya faɗa kwando, wayata ta yi ƙara. Baba yana gefe da sabon tabarau yana cin makande, dafaffiyar masara da waken nan tamu, yana ce wa Kimaro, "Ku ci gaba, ni na gama nawa aikin tun jiya."

Litinin da safe muka tsaya mu uku gaban allo, ni da Kimaro da Mama Shirima. Saƙon Mama Ndeshi ya shigo layi, lita tamanin. Sai ga amsa ta dawo: "na karɓa." Bayan minti arba'in direba ya kira, muna jin guɗar matan ta cikin waya.

Sai Mama Shirima ta juyo ta ce laifin waye. Kimaro ya ce nasa ne. Na ce a'a, nawa ne, don ni na rubuta "ƙarfe nawa" a ambulan ban faɗi na wa ba, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san tambayar amsa biyu gare ta. Na faɗa, ko da yake na san da bakina nake iya korar kaina. Mama Shirima ta koma teburinta. Sannan ta jawo aljihun tebur ta miƙo mini takarda, ta ce, "Ƙauyuka ashirin za a ƙara mana a watan gobe. Sa hannu a nan, kafin in sami wadda ta iya duba agogo."

Yaya, sun riƙe ni. Garin sauri sai da na ɓata sunana, aka sake bugo wata takardar.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nanzia Mbwambo